Ɗaurin fileksibul a famfon miksa: ruwan zafi, ruwan sanyi da rigimar farin tef

Sani Filamba, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturu ya kankama, masu gidaje sun tashi haiƙan da sa hitar ruwa da canza famfo zuwa miksa, wato famfo mai haɗa ruwan zafi da na sanyi, kiran gyaran yoyo kuma sai ƙaruwa yake yi. Yawancin yoyon ƙarƙashin bezin da sink ɗin kicin ba daga bututun cikin bango yake fitowa ba, daga bakin fileksibul ne, wato tiyon roba mai saƙar ƙarfe da ke kai ruwa daga bango zuwa famfo. Kana kwance noti sai ka tarar an nannaɗe bakin angul bawul, wato ɗan makullin ruwa da ke jikin bango, da farin tef har ya kumbura, sannan an bi da sifana an matse har washa ta tsage. Magana ɗaya nake so mu tsayar saboda yaran da ke koyon aiki a cikinmu: fileksibul ba ya son tef, ko ta sama ko ta ƙasa. Mai ja ya fito da hujjarsa.

Malam Ibrahim, Kawo:
Wa alaikumus salam. Sani, ni ina da ja. In kaya masu kyau ne, babu gardama. To amma dubi angul bawul ɗin da ya cika kasuwa yanzu, tiredinsa, wato zaren da noti ke hawa, gajere, leɓensa da kaifi, noti na rawa a kansa. Zagaye biyu ko uku na tef yana cike wannan rawar, noti ya zauna daram. Ba don ya tare ruwa ake sawa ba, don ya kama ne.

Injiniya Bashir, Barnawa:
Malam Ibrahim, Allah ya ƙara girma, bari mu duba inda ruwan yake tsayawa. Haɗi iri biyu ne a wannan aiki. Akwai wanda tiredi da kansa ne yake tare ruwa, kamar inda gindin angul bawul ke shiga elbo, wato gwiwar bututu, mai bakin tagulla da ke cikin bango. Nan kam dole tef, zagaye 10 zuwa 15, ana naɗa shi ta hannun da za a ɗaure don kada ya warware yayin shiga. Akwai kuma wanda roba ce take tarewa, aikin tiredi kawai ya jawo ƙarfe biyu su matse ta. Kawunan fileksibul duka biyu na wannan irin ne. Na sama, siririn da ke shiga jikin miksa, zoben roba ne a wuyansa, wani ɗaya wani biyu. Na ƙasa, notin rabin inci, washa ce a kwance a cikinsa, tana zama a kan leɓen bawul.

In aka sa tef a nan, noti zai yi tauri tun bai kai ƙarshe ba. Hannu zai ji kamar ya ɗauru, alhali washa ba ta matsu ba. Ruwa sai ya bi ta gefenta, ya fito ta bayan noti, inda yake juyawa a wuyan tiyo, wurin da tef ba zai taɓa kaiwa ba. Shi ya sa ake ganin tiredi a bushe amma wuya na tsattsafo. Daga nan mai aiki ya ƙara matsewa, notin kuwa siriri ne, tef ya buɗa shi daga ciki ya tsage a tsaye. Irin wannan tsaga kan ɗauki makonni kafin ta buɗe gaba ɗaya, kuma ba ta jiran sai akwai mutum a gida.

Malam Ibrahim, Kawo:
To leɓe mai kaifin fa? Shi ne yake yanka washa ko an sa tef ko ba a sa ba.

Hajiya Rabi mai kayan famfo, Fanteka:
Malam, wannan laifin bawul ne, tef ba zai gyara shi ba. Kafin a saya a juyo bakinsa a duba. Leɓen da washa za ta zauna a kai ya zama shimfiɗaɗɗe, mai faɗin kamar milimita 2, ba sirit ba. In an riga an ɗaura shi a bango, a shafa leɓen da ƙaramin fayil a kwance har kaifin ya mutu, a goge garin ƙarfen, sannan a sa sabuwar washa. In noti na rawa sosai a kan tiredi, bawul ɗin ba na amfani ba ne, a cire shi. Kuɗinsa bai kai na kabad ɗin katakon da ruwa zai ruɓar ba.

Malam Ibrahim, Kawo:
Zancen fayil na karɓa, Hajiya. Amma zagaye ɗaya dai a tiredi mai kaushi, don noti ya tafi sumul, ban ga ɓarnarsa ba.

Sani Filamba, Tudun Wada:
Zagaye ɗaya a hannunku, Malam, ba zai yi ɓarna ba, domin kun san nauyin hannu. Yaro in ya ga ɗaya gobe goma zai sa. Gara a koya masa babu.

Auwal, Rigasa:
Iyayenmu, Allah ya saka da alheri. Don Allah Oga Sani a jero mana yadda ake bi daga farko, musamman shigar da tiyo biyun ta ramin bezin. Notin biyu ba sa wucewa tare.

Sani Filamba, Tudun Wada:
Auwal, ga yadda za ka bi. Da farko kashe wutar hita, ka rufe ruwa daga tanki, ka buɗe wani famfo na ƙasa don abin da ke layi ya sauka. Ɗaura angul bawul biyu a bango, bakinsu na kallon sama. A bezin mai tsayin santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa, bawul kan zauna wajen santimita 55 zuwa 60. Na zafi a hagu, na sanyi a dama, in kana tsaye kana fuskantar bango.

Kafin miksa ya ga ruwa ko ɗigo, wanke layi. Sa tsohon fileksibul a kan bawul, ka jefa bakinsa a bokiti, ka buɗe ruwa sosai har sai ya fito fes. Yi wa kowane ɓangare haka. Abin da za ka gani a gindin bokitin zai ba ka mamaki: yashi, siminti, ɓurɓushin bututun roba, guntayen tef. Da ba ka wanke ba, duk cikin katirij, wato abin da ke buɗe ruwa da rufe shi a cikin miksa, za su nufa. Katirij faifai biyu ne na tangaran masu santsi da ke goga juna, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su, famfo sabo fil ya fara ɗiga.

Sai miksa. Zura zoben gindi, wanda ke zama tsakaninsa da bezin, kafin komai, don shi aka fi mantawa. Jiƙa zoben robar kan fileksibul da ruwa, ka murɗa shi cikin jikin miksa da hannu zalla har ya tsaya. Ba filaya, ba sifana. In wurin ya matse har sai da sifana, ka kama ƙarfen mai kusurwa shida da aka yi domin haka, ka ɗan taɓa kaɗan, kada ka kama wurin da aka danne saƙa. Wannan kan siriri ne, milimita 10 ne faɗinsa kuma rami ne a ciki, in ka yi masa ƙarfi yana karyewa a bar guntunsa a jikin famfo.

Ramin bezin ko sink galibi milimita 35 ne, shi ya sa notin rabin inci biyu ba sa wucewa a jere. Tura ɗaya ya sauka, sannan na biyu ya bi ta gefen tiyon farko. In ya ƙi, ɗaura ɗaya kawai a sama ka zura shi, na biyun ka turo siririn kansa daga ƙasa ya leƙo saman bezin, ka murɗa shi a jikin miksa a nan, sannan ka sauke famfon ya zauna. Daga ƙasa sai robar mai siffar kofaton doki, ƙarfenta ya bi baya, sannan dogon noti. Ka daidaita bakin famfo ya kalli tsakiyar bezin kafin matsewar ƙarshe. Sink ɗin ƙarfe mara kauri kuwa, sa farantin roba mai kusurwa uku da ke zuwa a kwali, in ba haka ba famfo zai riƙa sunkuyawa duk lokacin da aka ɗaga hannunsa.

Na ƙarshe notin ƙasa. Leƙa ka tabbata washa na ciki a kwance. Murɗa da hannu har ya tsaya, sannan sifana rubu'in zagaye. In ya ɗan tsattsafo a ƙara kaɗan. Ƙarawa tana da sauƙi, amma washar da aka murƙushe sai dai a canza.

Injiniya Bashir, Barnawa:
Ƙari a kan matsewar ƙarshen nan: hannu ɗaya na kan sifana, ɗayan ya riƙe wuyan tiyo kada ya juya tare da noti. In ya juya, abu biyu ne. Ko robar ciki ta murɗe ta shaƙe ruwa, ko kan sama ya kwance daga jikin miksa ba ka sani ba. Jan zare ko shuɗin da ke jikin saƙar shi ne shaidarka. In ya tafi a miƙe, lafiya. In ya nannaɗe, sassauta ka gyara.

Auwal, Rigasa:
Na gode. To in an kifa miksa ana ɗaura tiyo, hagu da dama kan rikice. Kuma na kicin mai hannu a gefe, ramukansa wani lokaci gaba da baya suke.

Usman, Unguwar Dosa:
Kada ka yi canke. Ɗaga hannun famfo ka kai shi ƙarshen ɓangaren ja, ka hura iska ta kowane tiyo. Wanda iska ta fita ta bakin famfo shi ne na zafi, ka ɗaura masa alama. Mai jan zare na zafi, mai shuɗi na sanyi, mai launi biyu yana zuwa ko'ina.

In kuwa mai aikin farko ne ya juya bututun cikin bango, zafi ya fito a dama, a bezin da sink gyaran ba wuya. Sayo fileksibul masu ɗan tsawo ka gicciya su a ƙasa, famfo dai ya ba da zafi ta hagu. Kada a bar shi a juye a ce mutanen gida za su saba. Baƙo bai saba ba, yaro da tsoho ma haka, ruwa mai zafin digiri 60 kuwa cikin daƙiƙa biyar yake ƙona fata. Miksan wanka na bango shi ba a gicciya shi, bakunansa biyu a tsaye suke da tazarar santimita 15, sai dai a gyara bututu.

Hajiya Rabi mai kayan famfo, Fanteka:
Tunda an taɓo tsawo, a auna kafin a zo saye. Daga gindin miksa zuwa bakin bawul, a ƙara santimita 5 zuwa 10. Akwai na santimita 30, 40, 45, 50 da 60. Gajeren da aka ja ya miƙe tsaf, duk sanda ruwa ya buga sai ya finciki wuyansa, can zai fara saki. Mai tsawo da yawa kuma a yi masa zagaye ɗaya mai faɗi, kada a lanƙwasa shi ya karye, kuma 'yan santimita na farko daga kowane wuya su tafi a miƙe. Haɗa gajeru biyu da nifil, wato ɗan mahaɗi mai tiredi kai biyu, a tsakiya ƙarin washa biyu ne, wato ƙarin wurin yoyo biyu.

Sannan a zo da tsohon a hannu. Kan sama ba iri ɗaya ba ne. Milimita 10 ya fi yawa, amma akwai 12 akwai 8, kuma a yawancin saiti ɗaya dogon wuya ne ɗaya gajere, don sifana ta sami wurin shiga. Notin ƙasa ma haka. Namu rabin inci ne, wanda tiredinsa ke da faɗin kusan milimita 21. Miksan da aka yi wa kasuwar Turai kan zo da noti ƙarami na uku bisa takwas na inci, kusan milimita 17. Shi sai bawul mai ƙaramin baki, ko adafta ta tagulla mai shimfiɗaɗɗen leɓe, ko a canza tiyon gaba ɗaya. Na Amurka da ke shigowa cikin kayan gwanjo tiredinsa daban ne, zai kama zagaye ɗaya ya cije. In ya cije kada a tilasta.

Injiniya Bashir, Barnawa:
Akwai abin da ya fi yoyo jawo sa-in-sa tsakanin mai gida da mai aiki a garin nan: an ɗaura miksa mai tsada, ruwa na zuwa siriri. Sai a ce famfon jabu ne. Sau da yawa lissafi ne ba a yi ba. Kusan kowane gida, ko ruwan gwamnati yake sha ko na burtsatse, tanki ake turawa sannan ya gangaro. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da ƙarfin ruwa bar 1. Tankin da saman ruwansa ya ɗara bakin famfo da mita 4, bar 0.4 kawai yake bayarwa, a bene kuwa banɗakin sama ƙila ko 0.2 bai samu ba. Miksa masu hannu ɗaya da yawa an rubuta a kwalinsu suna son bar 1 zuwa sama. Ga ramin kan fileksibul na milimita 10 bai wuce milimita 6 ba, ga ƙananan ƙofofin katirij, ga rariyar baki. Ɓangaren zafi ya fi shan wahala, domin sai ya ratsa bawul ɗin hita da hitar kanta kafin ya iso.

Gwajin ba wuya. Cire tiyo daga miksa, ka ga minti nawa bawul ke ɗauka ya cika bokitin lita 10, sannan ka mayar ka gwada ta bakin famfo. In daga bawul ma ruwan a mace yake, matsalar layi ce ko tsawon tanki. In a bawul yana da ƙarfi amma a baki ya ragu ƙwarai, duba rariya, duba ko tiyo ya lanƙwashe ko an matse washa har ta shige rami, sannan duba ko miksan na masu son ƙarfi ne. Maganin na ƙarshen, ko a ɗaga tanki, ko a sa injin ƙara ƙarfin ruwa, ko a nemi miksa mai kai biyu da manyan ƙofofi.

Malam Ibrahim, Kawo:
Nan ne ake tafka ɓarnar da ta fi ta tef. A sa inji a layin sanyi kaɗai, a bar hita tana sha kai tsaye daga tanki. Sanyi na zuwa da bar 2 ko 3, zafi da rabin bar. To su biyun a cikin jikin miksa suke haɗuwa kafin su fita. Da an kawo hannu tsakiya sai mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, zafi ya ƙi fitowa. Mai wanke hannu ya ɗan karkata hagu, babu komai, ya ƙara kaɗan, sai zafi zalla. Babu tsaka-tsaki. In kuma hita ba ta da bawul mai hana ruwa komawa, sanyin zai bi ta fileksibul na zafi ya tura ruwan hita baya har tanki. Ka'ida ita ce layi biyun su fito daga tushe ɗaya. Inji ya zauna kafin inda layin hita ya rabu, kowa ya sami ƙarfi daidai.

Usman, Unguwar Dosa:
Haka ne, Malam. In kuma ba yadda za a yi a sake layi, a rage bawul ɗin sanyi har ƙarfin fitar biyun ya yi kusa, a sa mai hana komawa a ɓangaren zafi. Dabara ce ta wucin gadi, domin shi ma mai hana komawar yana cin ƙarfin ruwa, ga shi dama kaɗan ne.

Auwal, Rigasa:
Akwai gidajen da na zafi ne kaɗai yake fashewa, a canza ya sake. Kayan ne ba kyau?

Injiniya Bashir, Barnawa:
Zai iya zama kayan, amma ka fara duba hita. A mashigar ruwan sanyinta, mai shuɗin zobe, akwai ƙaramin bawul na kariya mai ɗan baki a gefe. Aiki biyu yake yi: yana hana ruwa komawa, yana kuma fitar da ruwa in ƙarfi ya wuce abin da aka rubuta a jikinsa, galibi bar 7 ko 8. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake. Daga digiri 20 zuwa 60 yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, wato hita mai lita 30 za ta sami ƙarin kusan rabin lita da ba shi da wurin zuwa. Shi ne ɗigon da ake gani a wannan ɗan baki lokacin da hita ke aiki, kuma aikinsa ke nan. Sai mai gida ya ce yoyo ne, wani ya zo ya toshe shi. Da an toshe, ƙarfin zai nemi wuri mafi rauni a layin zafi, wanda yawanci fileksibul ne, robarsa ta riga ta yi laushi da zafi. In shi bai fashe ba, tukunyar hitar ce a cikin haɗari, wannan kuwa ya fi muni nesa. A sa wa ɗan bakin siririn tiyo ya zuba a magudana, a bar shi a buɗe.

Sai ma'aunin zafin hitar. A tsayar da shi wajen digiri 60. Fileksibul mai kyau an rubuta yana jure digiri 90 da bar 10, amma wanda kullum ake dafa shi a ƙarshen ma'auni ba zai yi kwana ba. In ma'aunin ya lalace har famfo na fitar da tururi, a kashe wuta nan take a gyara hita, canza tiyo ba magani ba ne. Layin zafi a bango kuma bututun roba na PPR mai kauri ne nasa, mai lamba PN20. Bututun PVC da gam ba na ruwan hita ba ne.

Sani Filamba, Tudun Wada:
Kuma wanda ya kwance layin zafi ya mayar, kada ya kunna hita sai ya buɗe ɓangaren ja har iska ta gama tari, ruwa ya zo a miƙe. Kunna ta babu ruwa, elemen ɗin, wato ƙarfen da ke dumama ruwan, ya tafi.

Malam Ibrahim, Kawo:
Ina roƙon kowa ya karanta wannan da kyau. In mai gida ya ce famfo na ɗan jansa in ya taɓa, ba maganar filamba kaɗai ba ce. Elemen ya huje, wuta na zuba a jikin hita, ruwa da saƙar ƙarfen fileksibul suna kai ta har famfo. Wasu sai su canza tiyo zuwa na roba su ce sun gyara. Ba su gyara ba, wutar na nan, kuma mutum a banɗaki ƙafarsa a jiƙe take ba takalmi. A kashe hita daga bireka, a kira mai aikin wuta. Dole jikin hita ya sami wayar atin ta gaskiya da ta kai ƙasa, da makunni mai yanke waya biyu, da bireka mai gane zubar wuta na miliyamfiya 30. Fileksibul ba wayar atin ba ne. Kai ma mai aiki kada ka kama sifana a layin zafi sai ka tabbata an yanke wutar.

Hajiya Rabi mai kayan famfo, Fanteka:
Allah ya kiyaye. Auwal, game da kyan kaya da ka tambaya, ido kaɗai ba ya rabewa, domin duk ƙyalli suke a leda. Ɗauki biyu ka ji nauyi, mai nauyin ya fi. Karci gefen noti da fayil: in rawaya ya bayyana tagulla ce aka shafe, in toka-toka ne gaurayen zink ne, shi ne mai tsagewa. Goga saƙar da yatsa, ta alminiyam tana barin baƙi kuma tana da laushi, ba ta jure laimar ƙarƙashin sink. Maganaɗisu in ya kama saƙa da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne aka shafe, zai yi tsatsa. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce, tunda alminiyam ma ba ya kamawa. Duba wurin da aka danne wuya ya zama daidai ko'ina, ba zaren ƙarfe ko ɗaya da ya tsinke ya fito. Na cikin kwalin miksa mai araha, ni dai shawarata a ajiye su a sayi masu kyau daban, ko da na ɓangaren zafi ne kawai.

Kuma a gaya wa matan gida su daina jibge ruwan bilic da sinadarin wanke masai a kabad ɗin da ke ƙarƙashin sink. Tururinsu a rufaffen wuri yana cin saƙar ko da ta ƙarfe mara tsatsa ce. Saƙar ita ke riƙe robar ciki, in ta tsinke roba ta kumburo ta fashe. Duk tiyon da aka ga ɗigon tsatsa ko kumburi a jikinsa a canza ranar, wanda ya shekara biyar ma a canza ko bai nuna komai ba.

Usman, Unguwar Dosa:
Ba a yi maganar gwaji ba. Kwance rariyar baki ka ajiye. Buɗe bawul ɗin sanyi a hankali, famfo a buɗe, sannan na zafi. Bar su su zuba minti ɗaya ko biyu, ka mayar da rariya, ka rufe famfo, domin sai famfo na rufe haɗi yake ɗaukar cikakken ƙarfi. Goge ko'ina ya bushe, ka naɗa tishu a wurare huɗu, wuya biyu na sama da noti biyu na ƙasa, ka haska da tocila. Yatsa ba ya gane ɗan tsattsafo, tishu yana nunawa. Bayan hita ta yi zafi, sake zubar da ruwan zafi na minti uku ka duba, saboda washa na ɗan saki in ta ji zafin farko. In gidan na da inji, gwajin ya zama lokacin da yake aiki. Shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa ka ce a duba shi da safe. Kuma nuna wa mai gida bawul biyun da hannun da ake rufe su, ya riƙa juya su lokaci-lokaci don kada su daskare, ya kuma rufe su in za a yi tafiya.

Sani Filamba, Tudun Wada:
Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: binne fileksibul a bango ko bayan tayil. Wurin da ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa, bututu ne ke zuwa can.

Auwal, Rigasa:
Tambaya ta ƙarshe, Oga. In siririn kan ya riga ya karye a cikin miksa, sai a jefar da famfon?

Sani Filamba, Tudun Wada:
A'a. Sauke miksan ka kifa shi a kan tsumma don kada ƙyallinsa ya karce. Guntun ba ya da ƙarfi sosai, zoben roba ne kawai ke riƙe shi. Nemi sukundireba mai faɗin baki da za ta cika ramin, ko jelar ƙaramin fayil mai kusurwa uku, ka ɗan buga ta a hankali ta cije, ka murɗa hagu. In tsatsa ta kama, ɗiga man kwance noti ka ba shi minti goma. In yana fita, ciro ragowar tsohon zoben da allura, ka wanke ramin da sabulu don man ya fita, domin mai yana kumbura irin wannan roba. Gwada sabon kan da hannu. In ya shiga sumul har ƙarshe, famfon na nan da ransa. In yana cijewa ko yana rawa, tiredin ciki ya tafi, a nan kam sai sabon miksa.